"Ɗan Misin Ne, Mu Lallaɓa": Ƙaryar Da Ake Yi Wa Fasinja A Hanyar Maradun

Akwai wata kalma da ta zama ruwan dare a tashoshin motar ƙasarmu, tun daga Maradun zuwa Talata Mafara har Bakura, wadda ya kamata a ce masu hankali sun daɗe da yi mata taron dangi. Kalmar kuwa ita ce "lallaɓawa". Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ran kasuwar Talata ya san yadda abin ke gudana. An cika mota maƙil, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan shinkafa da albasa sun danne but har murfinsa ba ya rufuwa sai da igiya. Direba ya murza makulli, inji ya tashi yana makyarkyata kamar mai masassarar damina, salansa tana tari tana shaƙewa, warin ɗanyen fetur ya game wuri. In aka sami wani fasinja mai ƙarfin hali ya ce, "Direba, lafiyar motar nan kuwa?" amsar ba ta sakewa: "Ba komi Malam, ɗan misin na, mu lallaɓa." Sai kowa ya ja bakinsa, a yi addu'ar tafiya, a kama hanya.

To, ni ban yarda ba, ina kuma roƙon mai karatu kada ya yarda. Abin nan da ake ƙanƙantarwa da sunan "ɗan misin" ba ƙarami ba ne. Tuƙa mota alhali silinda ɗaya ta daina kama wuta ganganci ne da dukiya, ganganci ne kuma da rayukan mutanen da ba a shawarce su ba. Daɗin daɗawa, direban da muke saurin zagi shi ne ƙarami cikin masu laifin.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, domin yawancinmu da ke shiga mota ba mu taɓa leƙa ƙarƙashin bonet ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Injin fetur da ke cikin kusan kowace ƙaramar mota yana aiki ne bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya fitar a 1876, watau tsarin bugu huɗu. A cikin kowace silinda akwai fistan mai hawa da sauka. A bugun farko ya sauka ya zuƙo iska gauraye da mai. A na biyu ya hau ya matse su. A na uku fulogi ya ƙyasta wuta, haɗin ya kama, ƙarfinsa ya tunkuɗa fistan ƙasa. A na huɗu ya sake hawa ya kore hayaƙi. Cikin bugun nan huɗu ɗaya ne tak ke kawo riba, watau na uku. Sauran ukun ci suke yi daga abin da ya samo. Shi ya sa ake haɗa silinda huɗu a kan kiranshaf ɗaya, sandar nan mai gwiwoyi da ke mai da hawa da saukar fistan juyawar taya, a kuma tsara su suna karɓeɓeniya, galibi ta ɗaya, ta uku, ta huɗu, sa'an nan ta biyu, tamkar matan da ke lugude a turmi ɗaya. Wanda ya taɓa sauraron lugude ya san in mace ɗaya ta ɗauke taɓaryarta, ko makaho ya gane kiɗa ya karye. Wannan karyewar kiɗa ita ce makanikai ke kira misin.

Mai saurin lissafi zai ce, ai in ɗaya ta mutu cikin huɗu, saura kashi uku, kashi uku kuwa ya isa kai mutum gida. Ko kusa ba haka abin yake ba. Fistan ɗin silindar da ta mutu bai sauka daga motar ba. Yana nan ɗaure da kiranshaf, yana hawa yana sauka, yana gogayya da bangon silinda, 'yan'uwansa uku ne ke jan sa kamar masu ɗauke da gawa. Saboda haka abin da ke isa taya bai kai kashi uku cikin huɗu ba. Sa'an nan kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya ne a juyi biyu na kiranshaf. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yakan yi a kan doguwar hanya, silindar da ta mutu tana saɓa alkawari sau 1,500 a minti, sau 25 a daƙiƙa ɗaya, sau 90,000 a tafiyar awa guda. Kowane saɓi ɗaya girgiza ce ga kiranshaf, ga robobin da inji ke zaune a kansu, ga kowane noti da ke jikin motar. Wannan shi ne abin da ake gaya mana wai "ba komi".

Ina man da aka aika wa silindar nan yake tafiya? A nan ne ƙaryar tattali take tonuwa. A motocin zamani kwamfutar inji takan gane silindar da ke misin ta tsayar da man da ke zuwa gare ta. Amma waɗanne motoci ne ke jigilar talakawa tsakanin Maradun da Gusau, ko tsakanin Mafara da Sakkwato? Babbarsu ita ce Golf 3, wadda kamfanin Volkswagen ya fara ƙerawa a 1991 ya kuma daina kafin shekara ta 2000. Watau ƙaramarsu a shekaru ta haura ashirin da biyar, ta girmi yawancin masu karanta wannan mujalla, kuma sai da ta gama yi wa Turawa bauta sa'an nan aka loda ta a jirgin ruwa aka sauke mana ita a Kwatano. Da yawa daga cikinsu injekta ɗaya ce ke shayar da silinda huɗu duka, wasu kuma makanikanmu sun mai da su kafireta. A irin wannan inji babu hanyar hana mai shiga silindar da ta mutu. Tana zuƙar rabonta cif, ta kasa ƙona shi, ta tofar da shi ɗanye. In direba ya sha lita 40, lita 10 a banza ta tafi, ban da ƙarin da yake yi da ƙafarsa, domin motar da ba ta ja tilas a ƙara danna mata totur.

Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a 2024 kuwa ta taka naira 1,000 a gidajen mai da yawa. A farashin nan na ƙarshe, lita goman da aka watsar kuɗinta naira 10,000 ne a kowane cikon tanki. Mai karatu ya je kowane shagon kayan gyara a Mafara ya tambayi kuɗin fulogi ɗaya, ko wayar fulogi ɗaya, ya gwada da wannan. Mutumin da ya ce ba shi da kuɗin fulogi, alhali yana zubar da abin da ya fi kuɗin fulogi a kan kwalta kowace safiya, ba talauci kaɗai ke damunsa ba.

Da a ce man nan duka ta salansa yake fita, da abin ya zo da sauƙi. Kowa ya ga yadda bakanike ke wanke hannunsa da fetur in ya gama aiki, domin fetur narkar da maiƙo yake yi. To abin da yake yi wa hannun bakanike shi yake yi wa bangon silinda. Yana wanke ɗan siririn baƙin man da ke raba ƙarfe da ƙarfe, sai ringin fistan ya riƙa kankarar bango a bushe. Daga nan ya zurara ƙasa ya faɗa cikin baƙin man inji gaba ɗaya ya tsinka shi. Wanda ke shakka ya zaro sandar awon baƙin mai ta motar da ta yi mako tana misin ya shinshina, zai ji warin fetur, wani lokaci ma ya ga man ya ƙaru maimakon ya ragu, har jahili ya yi murna. Baƙin man da ya tsinke ba ya iya riƙe kiranshaf a kan mazauninsa, ƙarafan da makanikai ke kira metal su cinye, ran nan a ji ƙwas-ƙwas, a ce inji ya buga. Ciwon da ya fara a silinda ɗaya ya kashe huɗu. An tafi neman gira an rasa ido.

Sauran man da ya bi hanyar hayaƙi kuma yana iske wata tukunya da ke gaban salansa, wadda aka sa domin ƙone dafin hayaƙi. Sunanta katalis, ko da yake makanikai sun yi mata laƙabi da Indomie saboda yadda cikinta ke kama da saƙar taliyar nan. An yi ta domin 'yan ragowar da inji bai ƙona ba, ba domin rubu'in tanki ba. In ɗanyen fetur ya yi ta kwarara a cikinta sai ta zama murhu, zafinta ya haura digiri 1,000, cikinta ya narke ya toshe hanya, motar da dama ba ta da ƙarfi ta ƙara shaƙewa. A lokacin hunturu, sa'ad da ciyawar bakin hanya ta bushe ƙayau, ajiye irin wannan mota a kan ciyawa ya isa tayar da gobara. Na san wani direba zai yi dariya ya ce ai tasa Indomie ɗin an daɗe da cirewa an sayar, saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke cikinta. Madalla. Sai man ya wuce kai tsaye cikin salansa, ya taru, ya riƙa fashewa tas-tas kamar harbi, a ƙasar da ƙarar harbi ta daina zama abin wasa. Tururinsa kuma ya biyo ta ramukan da tsatsa ta huda a ƙasan motar da ta murfin but ɗin da ba ya rufuwa, ya shiga huhun tsohuwa da jaririn da ke kujerar baya. In sun sauka da ciwon kai da amai sai a ce wahalar hanya ce.

Duk wannan hasarar dukiya ce da lafiya. Yanzu ga maganar rai. A duk inda hanya ta zama falle ɗaya, ba abin da ya kai wuce babbar mota hatsari, domin ƙaramar mota tana barin hannunta ne ta shiga hannun masu zuwa, kuma tsawon zamanta a can shi ne tsawon zamanta a bakin kabari. A ƙaddara tirela tana gudun kilomita 60 a awa, ana kuma bukatar a ci mata mita 50 kafin a koma hannu, in an haɗa tsawonta da ratar gaba da ta baya. Mota mai lafiya da ta hau 80 za ta gama cikin daƙiƙa 9. A wannan lokaci ta ci mita 200, motar da ke tahowa a guje da 100 ta ci mita 250, watau ana bukatar mita 450 na hanya fayau. Motar da ke misin, ga lodi, in ta yi ƙoƙari ta kai 70. Ita sai ta yi daƙiƙa 18 a hannun da ba nata ba, ta ci mita 350, mai tahowa ya ci 500. Tana bukatar mita 850, kusan ninki biyu. Idon direba kuwa ya saba da awon motarsa sa'ad da take da lafiya. Da wannan tsohon awo zai fita, sai ya kai tsakiyar tirela sa'an nan ya taka totur ya ji ba kowa a gida. Washegari a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Akwai kuma abin da ya sa maganar nan ta fi nauyi a ƙasarmu bisa ga Kano ko Zariya, kowa kuwa ya san shi. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar suka faɗa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba suka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Waɗannan su ne duniya ta ji. Tare hanya da ɗauke matafiya kuwa, wanda ba ya kai wa ga gidajen rediyon ƙasashen waje, mutanen garuruwan nan ba sa bukatar a ba su labari. A wancan watan na Satumba ne aka katse layukan waya a jihar har tsawon makonni, ta yadda wanda motarsa ta mutu a daji ba shi da ko hanyar kiran ɗan'uwansa. A irin wannan ƙasa lafiyar inji ita ce bambanci tsakanin shiga gari da rana tsaka da kaiwa magariba a dokar daji, ita ce kuma bambanci tsakanin motar da za ta iya juyawa ta tsere da wadda za ta mutu a tsakiyar juyi. Wanda ya ɗebi rayuka bakwai a motar da ya san silindarta ɗaya ta mutu, ya nufi irin wannan hanya da su, caca ya yi da abin da ba nasa ba.

Na san amsoshin da za a ba ni, na kuwa sha jin su. Za a ce ai ta sha kai mu lafiya. Gaskiya ne, amma waɗanda ta kai ne kaɗai ke zaune a tasha suna ba da shaida. Waɗanda ba ta kai ba ba a jin ta bakinsu. Za a ce komai ƙaddara ne. Babu musulmin da ke musun ƙaddara, sai dai ban taɓa jin malamin da ya karantar da cewa tawakkali yana nufin a ga sababin halaka ƙuru-ƙuru a rungume shi ba. Abin mamaki ma shi ne, mutumin da ke jingina ran fasinja ga ƙaddara ba ya jingina kuɗin motarsa gare ta, sai ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi. Amsa ta uku ita ce talauci, ita ce kuma kaɗai ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana kai mu ga masu laifin gaske.

Yawancin direbobin haya ba su ne masu motocin ba. Mai mota yana gida, ko ofis, ko shago, ya yanka wa direba balas, watau kuɗin da tilas ya kawo kowace rana ko kowane mako, ko an samu ko ba a samu ba. Ranar da mota ta wuni a gareji, tukunyar gidan direba ce ba ta hau wuta ba. In ya je ya ce, "Alhaji, mota tana misin," abin da zai ji shi ne, "Lallaɓa ta zuwa ƙarshen wata," ko kuwa a tuhume shi da haɗa baki da bakanike. In ya matsa, ga samari goma marasa aiki suna jiran makullin. Ashe kalmar lallaɓawa ba a bakin direba aka haife ta ba, saukowa ta yi daga sama, shi isar da saƙo kawai yake yi. Su wane ne kuwa masu motocin nan? 'Yan kasuwa ne, da ma'aikatan gwamnati, da 'yan siyasa, da 'yan boko irinmu waɗanda suka tara ɗan abin hannu suka sayi mota suka sa ta haya. Ba sa shiga cikinta, 'ya'yansu ma ba sa shiga. Riba tasu ce, hatsari na talaka.

Bayan mai mota sai mai sayar da mai. Fetur ɗin da ya kwana a jarka da galan a bakin hanya, ƙura ta shiga, ruwa ya shiga, wani lokaci a ƙara masa abin da ba a faɗa, shi ne babban mai toshe injekta da ɓata fulogi. Gwamnatin Zamfara ta hana sayar da mai a jarka a 2021, amma saboda tsaro ta yi, ba saboda lafiyar inji ba. Kada kuma a ɗora wa ɗan bumburutu laifin duka. A watan Fabrairu 2022 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya amsa da bakinsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam, har ya kai gidajen mai kafin a farga. In gurɓataccen mai zai iya ratsa tashar jirgin ruwa da ma'aikatanta da takardunta, ina ga galan ɗin da ke kan benci a ƙauye? Sai kuma wani irin bakanike, ba duka ba, wanda in an kawo masa mota mai misin zai kwance fulogi ya wanke da fetur, ya goga masa takarda mai yashi, ya ɗaura, ya ƙara wa inji gudu don kada a ji rawar, ya karɓi na goro. In motar mai fitilar gargaɗi ce, ya cire ƙwan ko ya manna masa baƙin salatif. Wannan daidai yake da likitan da ya toshe bakin majiyyaci don kada a ji nishinsa.

Abin takaicin shi ne gano ciwon ba wuya gare shi ba. Abu uku silinda ke bukata: wuta, da mai, da matsi. In wuta ce ta ɓace, laifin yana ga fulogi, ko wayarsa, ko kwayil, ko murfin distirbuta. In mai ne, injekta ta toshe, ko iska tana satar shiga ta wani tsagin roba. In matsi ne, bawul ya ƙone, ko ringi ya cinye, ko gaskit ɗin kan inji ya fashe. Tun zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, makanikanmu sun san dabarar: a bar inji yana aiki a hankali, a riƙa cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da abin riƙo mai roba; wadda aka cire kukan inji bai sake ba, silindarta ce matacciya. Fulogin da kansa yana magana in an kwance shi. In ya jiƙe da fetur, wuta ce babu. In ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. In ya yi fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa sun yi duhu, a binciki gaskit, mai yiwuwa ruwan lagireto ne ke shiga. A motar da kowace silinda ke da kwayil nata, a musanya shi da na maƙwabciya a ga ko ciwon zai bi shi. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 kuwa, irin waɗanda suka cika garuruwanmu, suna da kafar da ake soka na'urar bincike ta faɗi lambar ciwo: P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Fitilar cek injin in ta tsaya cak gargaɗi ne, in kuwa tana ƙiftawa to cewa take yi misin ɗin ya kai na ƙona katalis. Kukan kurciya jawabi ne. Rabin awa ya isa a san ko fulogi ne ko kuwa sai an sauke kan inji.

Kada a ce na ƙi gaskiya, akwai lallaɓawa ɗaya da na yarda da ita. In misin ya fara a tsakiyar hanya, a ce tsakanin Lambar Bakura da Tureta, rana kuma ta yi sanyi, babu mai hankalin da zai ce a tsaya a buɗe bonet a nan. A rage gudu, a bar wuce manyan motoci, a sauke gilasai iska ta shiga, a sa ido ga allurar zafi. In an iso wurin da ke da jama'a, motar kuma mai injekta huɗu ce, a cire soket ɗin injektar silindar da ta mutu don mai ya daina zuba. Amma wannan lallaɓawa tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce garejin farko. Wadda nake yaƙi da ita ita ce wadda ke kwana, ta tashi da safe ta shiga layi ta yi lodi.

Wa ya kamata ya hana ta shiga layin? A takarda muna da jami'an duba lafiyar motoci, watau VIO, masu ba da shaidar cewa mota ta cancanci hawa hanya. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tun 1988. Amma takardar shekara ba ta jin kukan inji na safiyar yau, jami'in da ke bakin hanya kuma yana ganin motar ne bayan ta riga ta ɗauki mutane. Wurin da za a tare abin shi ne tasha. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ita ke rubuta layi, ita ke karɓar kuɗin lodi, ita ke da ikon cewa wannan ta yi lodi, wannan ta jira. Shugabanninta tsofaffin direbobi ne waɗanda ke gane misin daga nesa tun kafin mota ta shigo ƙofa. Ƙungiyar da ke iya hana mota lodi saboda ba ta biya kuɗin tikiti ba tana iya hana ta saboda silindarta ta mutu. Yin haka ma gata ne ga direba, domin ya sami abin gaya wa mai mota: ba ni na ƙi aiki ba, tasha ce ta hana.

Kada kuma mahukunta su noƙe, don a wurinsu aka koyi halin. Madatsar ruwan Bakolori da ke ƙasar Maradun, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978, wadda manoman ƙasar nan suka biya da gonakinsu, wasu ma da rayukansu a watan Afrilu 1980, an tsara ta ne ta shayar da hekta 23,000. Kashi mafi girma, mai aiki da injinan feshi, ya mutu aka bar shi shekara da shekaru ana lallaɓawa da sauran, sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a 2014 sa'an nan aka shiga maganar gyara. Ƙananan hukumomin nan uku kuma su suka ba Zamfara gwamna na shekara 20 cikin 24 daga 1999 zuwa 2023: Ahmad Sani na Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Yankin da ke da irin wannan baki a gwamnati, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, bai kamata a ce ya gaza ajiye ma'aunin matsi ɗaya da na'urar bincike ɗaya a kowace babbar tasha ba, da yaro ɗaya da aka horar ya riƙe su. Kuɗinsu duka bai kai na tayar motar rakiyar babban mutum ba.

Saura mu, 'yan'uwana ɗalibai. Mu ne ke cika motocin nan farkon hutu da ƙarshensa, mu ne kuma muka fi kowa iya dogon Turanci a kan yadda ƙasa ta lalace. Amma in inji ya tashi yana rawa sai mu sunkuyar da kai ga waya, kowa yana jin nauyin a ce ya cika tsoro, ko a ce ɗan boko ya zo da iyayi. Tsohuwar da ke gefenka ba ta san abin da rawar nan ke nufi ba; kai yanzu ka sani. Ka nemi a tayar da inji kafin ka biya. Ka saurara, ka dubi madubin gefe da sandar giya ko suna kaɗawa, ka shinshina bayan motar. In ka ji kiɗan ya karye, ka gaya wa direba da ladabi, a gaban jama'a, ka ɗauki jakarka ka sauka, ka kuma faɗa wa na kusa da kai dalili. Fasinja ɗaya in ya sauka dariya za a yi masa, a sa wani a gurbinsa. In uku suka sauka lokaci ɗaya, ɗan kamasho da kansa zai tura yaro ya kirawo bakanike.